Safaya na but, iska babu: kurakuran masu mota kan kayan ko-ta-kwana

Yawancin sababbin masu mota suna ajiye kayan gaggawa ne don kada jami'an Road Safety su ci su tara, shi ya sa kayan suke cikin but amma ba sa aiki ranar da ake bukatarsu.

Babban laifin yana kan safaya. Taya tana rage iska ko ba a taka ta ba, wata shida a cikin but ya isa ta saki. Sai an yi faci tsakanin Potiskum da Damaturu da tsakar rana, a sauke kaya kaf, a ciro ta, a tarar ta kwanta kamar tabarma. Duk ranar da ka je wajen mai faci a auna tayoyi huɗu, ka sa ya auna ta biyar. Ƙaramar safayar nan siririya da ke zuwa da motocin Beljiyam iskar 60 take ɗauka, ba 32 ba, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita. Duba shekarunta ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, misali 2319, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa roba ce busasshiya, ko da zanenta sabo ne fil.

Kuma safaya ba ta ɗaura kanta. Galibi wil-sifanar Toyota lamba 21 ce, ta Honda 19, ta Golf 17, amma mutum zai sayi ko wacce a kasuwa ya jefa but bai taɓa gwada ta a kan noti ba. Haba malam! Gwada a gida. In mai faci ya ɗaure notin da bindigar iska, guntuwar sifana ba za ta motsa shi ba. Ni bututun ƙarfe mai tsawon rabin mita nake ajiyewa, in zura a hannun sifanar. Jak kuwa nutsewa yake a yashi, sai da guntun katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Ja hambirki, sa dutse a bayan tayar da ke ɗaya kusurwar, sassauta notin tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kuskure na biyu shi ne mai ƙona fuska. Mota ta yi zafi, allura ta hau ja, direba ya buɗe bonet ya kai hannu kan murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsin da murfin ya riƙe ne ya hana shi tafasa. Kana murɗawa zai taso gaba ɗaya, ya wanke maka hannu da fuska. Wani kuma ledojin fiya wata masu sanyi zai fasa a kan injin, wai yana taimakonsa. Ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi, ai ka san sauran: kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, gasket ya ƙone, aikin naira dubu kaɗan ya koma sauke inji. Kashe motar, jira aƙalla minti 30, matsa babban tiyon sama da tsumma. In yana da tauri, har yanzu da matsi. Bayan ya yi laushi ka murɗa murfin kaɗan, ka bar tururin ya fita, sannan ka zuba ruwa a hankali injin na aiki. Jarka mai lita 5 nake ware wa lagireto, daban da ruwan sha. Ruwan rijiya na barin tsatsa da datti, don haka in ka yi amfani da shi a hanya, sauya shi in ka isa gari.

Wayar jan wutar batir: ja zuwa alamar + a duka motocin, baƙa daga − na mai rai zuwa ƙarfen injin matacciyar. Dabarar cire kan batir injin na aiki don a musanya, a bar wa tsofaffin Fijo. A motar zamani tana iya ƙona altaneta da kwamfutar mota.

Tulun kashe gobara da ke ƙarƙashin buhunan shinkafa ba shi da amfani. Sa shi ƙasan kujerar gaba, ka riƙa duba allurarsa tana kan kore.

Ganye da duwatsu ba sa haske da dare. Kafa alamar nan mai kusurwa uku taku sittin a baya, a kan kwana ka ƙara nisa, kuma ka kwashe duwatsunka in za ka tafi.

Fetur a gorar ruwa cikin but, a zafin watan Afrilu, a'a.

Tocilar waya ba tocila ba ce, cajin da za ka kira taimako da shi take cinyewa. Ajiye ta gaske, da fiyus biyu-biyu na 10, 15 da 20, da filaya, da sukudireba, da lita ɗaya ta baƙin mai, da fambel in tafiyar mai nisa ce. Lambar Road Safety ta kyauta 122 ce, rubuta ta a takarda ka sa a aljihun dashbod.