Yadda za ka rage kwasar leda in za ka cefane

Abu na farko dai ka samu jaka, ba sai ka saya ba ma, buhun shinkafa da ya ƙare ka wanke shi ka kai wa tela ya yanke ya sa masa hannu biyu, ka ce ya ninka ɗinki a gindin hannun don nan ne yake fara tsinkewa in ka loda doya ko dankali.

Na biyu, inda za ka ajiye ta, nan ne aikin yake wallahi, don mantuwa ce ke sa mutum ya koma karɓar leda. Ka rataye ta jikin ƙofa kusa da makulli, mai mashin ya cusa ɗaya ƙarƙashin sit.

Na uku in ka isa kasuwa ka riga mai kaya magana, "malam bar ledar, zuba nan", don hannunsu ya saba, kafin ka buɗe baki ya ƙulle tumatir a baƙar leda ya ƙara wata a kai. Albasa, attaruhu, kubewa duk su tafi tare, tumatir a sama kar ya fashe.

Nama da kifi kuma roba mai murfi, niƙa bokiti, manja da man gyaɗa tsohuwar gora.

Ledar da ta shigo gida dole, irin ta fiya wata, a tara a buhu guda, kar a watsar. Ita ke toshe kwata da damina, awaki su ci ta cunkushe musu tumbi su yi ta ramewa, tambayi mahauta su faɗa maka. Kar kuma a hura gawayi da ita, hayaƙin nan guba ne.

Jakar a dinga wankewa ana shanyawa a rana, musamman in ta sha ruwan tumatir.