Yadda za ka zana haɗuwar CAP da polimeras na ARN a takarda

Duk mai karatun ilimin halittu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai ci karo da darasin operon lac, rukunin ƙwayoyin gadon da bakteriyar E. coli ke sarrafa sukarin madara (laktos) da su, wanda Jacob da Monod suka bayyana a 1961. Haddace cewa wani furotin mai suna CAP na kunna shi ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne a ce ka nuna ta yaya. A ganina zane da awo ne maganin abin, don aikin CAP duk batun mazauni ne.

Samo takarda biyu masu gida-gida, ka haɗa su a kwance, guda ɗaya ba ta isa. Ja layi biyu, ADN ke nan, kowane gida harafi ɗaya. Can dama sa alamar +1, inda enzim ɗin polimeras ke fara kwafar ARN daga ADN, ka ƙirgo baya ka rubuta TATGTT a -10 da TTTACA a -35. Da jan bik rubuta TATAAT da TTGACA a ƙasansu, su ne jerin da sigma 70, ɓangaren polimeras mai gane wurin, ya fi so. Bambancin nan shi ne dalilin da ya sa polimeras ba ya zama daram a wurin shi kaɗai.

Sai polimeras ɗin: alfa biyu, beta, beta', omega, da sigma da ke riƙe -10 da -35. Kada ka ɓata lokaci wajen ƙawata su. Alfa ce abin lura. Kowace tana da kai da ke manne a jikin enzim, da wutsiya, αCTD, da ke lilo a kan siririn zare, kamar akuya a turke: iyakar igiyarta, iyakar kiwonta. Zana wutsiyar tana miƙewa hagu.

Yanzu kawo CAP. Tagwaye ne, kuma ba ya kama ADN da kyau sai wani ƙaramin sinadari, AMPc, ya hau kansa, shi kuwa AMPc yana ƙaruwa ne idan gulukos ya yi ƙaranci. Shata masa gida 22, tsakiyarsu tsakanin -61 da -62, ka lanƙwasa layin a nan, don CAP na tanƙwara ADN kusan digiri 90. Sa ɗigo a gefensa na dama, ka rubuta AR1, ka sadar da shi da αCTD. Wannan taɓawar ce ke jawo polimeras ta zaunar da shi. Amma fa idan babu laktos, furotin mai toshewa, LacI, na zaune a dama da +1, CAP bai isa ya ture shi ba.

Gwada zanenka. Matsar da CAP gida 5 zuwa hagu. ADN na zagayawa sau ɗaya a kusan harafi 10 da rabi, don haka CAP ya koma ɗaya fuskar ADN ɗin, wutsiyar ba ta kai masa. Matsar da shi gida 10, ya dawo fuska ɗaya da polimeras, aiki ya ci gaba.

In ka ƙware, sake zanen da galP1, wani mafarin kwafar ARN na E. coli. Can tsakiyar CAP na -41,5, har ya hau kan -35, sai wutsiyar alfa ta tsallake shi ta kama AR1 ɗin da ke gefensa na hagu, wani ɗigon kuma, AR2, ya taɓa kan alfa ya taimaka wajen buɗe igiyoyin ADN biyu.