Yadda Za Ka Taka wa Mai Wuyar Sha'ani Birki Ba Tare da Ka Yanke Zumunci Ba

A Sakkwato da kara da kawaici aka raine mu. Ba a katse dattijo in yana magana, wanda aka ɓata wa rai kuma yakan ce "ba komai" ko da zuciyarsa na tafasa. Tarbiyya ce mai kyau. Sai dai akwai waɗanda suka gano wannan hali namu suka mayar da shi jari: ɗan'uwan da ke ɗibar kaya a shagonka bai taɓa tambayar lissafi ba, maƙwabcin da ya karkato kwatarsa ƙofar gidanka, na gaba da kai a ofis da ke jibga maka aikinsa ya tafi sabgarsa. Yawancinmu hanya biyu muka sani da irin waɗannan mutane. Ko dai mu yi ta haɗiyewa shekara da shekaru, ko ranar da tura ta kai bango mu faɗi maganar da ba ta kwasuwa. Akwai hanya ta uku: taushi ya tsaya a fuska da murya, tsayuwa kuma ta kasance a kan maganar kanta.

Mataki na 1: Tantance ainihin abin da ke damunka

"Wane ba shi da mutunci" ba magana ba ce da za a zauna a warware. Amma "Wane ya ɗauki shinkafa da man gyaɗa na naira 40,000 tun kafin azumi, har an yi layya bai biya ba", wannan tana da kai da gindi. Ka kuma tambayi kanka: haƙƙinka aka taɓa, ko dai halin mutumin ne kawai bai yi maka ba? Tsohon da ke mita a kan komai, daga tsadar albasa har hayaniyar 'yan kabu-kabu, ba ya buƙatar zama na musamman. Ka gaishe shi ka wuce. Wanda ke cin dukiyarka ko lokacinka ko mutuncinka shi ne abin magana. Kafin ka tashi, ka san abu biyu: me kake so ya canza, kuma me za ka yi in ya ƙi.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci da wuri

Duk wanda ya san ranar Afrilu da Mayu a garin nan, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ya san ba a ɗauko magana mai nauyi da tsakar rana. Haka ma la'asar ɗin mai azumi. Da hantsi ko bayan isha'i ya fi. In kai ne ke cikin fushi, ka dakata. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Wuri ma haka. Ba a teburin mai shayi ba, ba a majalisa ba, ba kuma a zauren WhatsApp na dangi ba, inda mutum hamsin ke karantawa suna jiran a yi ta. Mutumin da ka kunyata a bainar jama'a ya daina kare maganar, ya koma kare girmansa, kuma a kan wannan ba zai sauko ba. Ka same shi a zaurensa, ku biyu.

Mataki na 3: Yi gaisuwa cikakkiya

Ka tambayi gida, iyali, kasuwa, jikin tsohuwa. In babba ne ka rusuna kamar yadda ka saba. Wasu na ganin sakin fuska a irin wannan zama rauni ne, ni kuwa ban yarda ba. A Suratu Ɗaha, da Allah ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, ya umarce su da su yi masa magana mai laushi. Amma saƙon da suka kai ba mai laushi ba ne: ya saki Bani Isra'ila, ya daina azabtar da su.

Mataki na 4: Faɗi maganar a miƙe, kuma a taƙaice

Nan ne akasarinmu ke faɗuwa. Sai mu yi ta kewaye-kewaye, habaici nan, karin magana can, har a kira salla ba a faɗi komai ba. Shi kuwa mai wuyar sha'ani ya gane sarai, amma tunda ba ka fito fili ba, sai ya yi kamar bai ji ba.

A ce kana da shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, ƙanen mahaifiyarka ne ke ɗibar kaya. Bayan gaisuwa sai ka ce:

"Kawu, wata 'yar magana ce ta kawo ni, a yi mini haƙuri. Kayan da aka ɗauka sun kai naira 40,000, ga su nan a rubuce. Ni ma bashi nake ɗaukowa wurin dila, kuma ya matsa mini. Ina roƙon a fara ragewa, ko 10,000 ce duk wata. Kafin a gama kuma, ba zan iya ba da wasu kayan bashi ba."

Shi ke nan. Ba ka ce "kullum haka kuke" ba, ba ka tono abin da ya faru a bikin wance shekara goma da suka wuce ba, ba ka taɓa asalinsa ba. Ka faɗi abin da ya faru, da yadda ya shafe ka, da abin da kake nema, da inda ka tsaya. Da ka gama ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka ce "amma dai ba komai". Kada ka ce. Da wannan kalma za ka rushe duk abin da ka gina.

Kada littafin lissafin ya ba ka kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuwa ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci. Saboda haka sai ka duba da kyau wanne ne a gabanka: wanda babu ta hana, ko wanda ya sayi sabon babur da kuɗinka a wuyansa.

Wani abu kuma: in amsarka "a'a" ce, ka daina cewa "sai na duba" ko "ka dawo gobe". Zai dawo goben, kuma a lokacin kai ne mai saɓa alkawari.

Mataki na 5: Jure abin da zai biyo baya

Da wuya ya ce "ka yi gaskiya". Zai ɗaga murya, ko ya yi gori: "Ni za ka yi wa lissahi? Ni da na ɗauke ka a kahwaɗa kana yaro?" Wani kuma sai ya marairaice har ka ji kai ne azzalumi. Kada ka musanta alherin da ya yi maka, kada kuma ka bi shi cikin sabuwar gardama. Ka ce, "Gaskiya ne Kawu, ban manta ba, Allah ya saka da alheri. Maganar kayan dai tana nan yadda na faɗa." In ya sake, ka sake, da murya ɗaya. Duk sa'ad da ya ƙara sauti kai ka rage. In abin ya kai ga zagi, ka miƙe cikin ladabi: "Bari in tafi, in rai ya yi sanyi na dawo."

Mataki na 6: Cika abin da ka faɗa

Za a gwada ka, galibi cikin mako guda. Za a aiko ƙaramin yaro da saƙon a ba da sukari da madara, don an san fuskar yaro na da wuyar mayarwa. In ka bayar, zaman da kuka yi ya tashi a banza. Ka sanar da yaron shagonka tun da wuri don kada a bi ta bayanka. In zuciyarka ba ta so yaron ya koma hannu sake, ka auna abin da za ka iya ka ce masa, "Ka ce wannan kyauta ce, ba ta cikin lissafi." Alheri bai yanke ba, ƙofar bashi kuma ta rufu.

A ofis ma haka ne: "Yallaɓai, aikin da aka ba ni jiya yana hannuna. Wanne zan ajiye in ɗauki wannan?"

Mataki na 7: In ya faskara, sa manya a ciki

Ka fara da wanda yake jin nauyinsa: yayansa, amininsa, limamin masallacinsu. Rikicin maƙwabtaka, mai unguwa. Na kasuwa, shugabannin 'yan kasuwar layinku, waɗanda suka san halin kowa. Matar aure da ke fama da uwar miji ko faccala ta fara da maigidanta, sannan wata gwaggo da ake saurara a gidan. Kotu ta zama ta ƙarshe, domin waɗanda suka tsaya gaban alƙali ba kasafai suke sake cin tuwo a akushi ɗaya ba. Amma in akwai duka ko barazana ga rai, ba a bin wannan jeri. A nemi mafaka, a kai wa hukuma nan take.

Bayan an rabu, kai ka fara yi masa sallama, ko da ya ɗauke kai, tunda shari'a ba ta halatta wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. In an yi masa haihuwa ka je suna, in an yi rasuwa ka je gaisuwa, ranar salla ka aika yara. In ya ga fuska ta saki ya sake aiko a ba da kaya, ka tambayi ina aka kwana a kan ragowar 30,000.