Yadda ake karanta shekarun tsoho a saiwar haƙorinsa

Kwarangwal ɗin yaro ba ya ba kowa wahala, domin haƙoransa na fitowa ne bi da bi: turmi, wato babban haƙorin tauna na can baya, na farko wajen shekara 6, na biyu wajen 12, na uku daga 18 zuwa sama. Da zarar na ukun ya gama saiwa, sai lalacewa kawai ta rage, ita kuwa kowa da irin tasa. Shi ya sa rahotanni da yawa kan rubuta "sama da shekara 50" su yi shiru, mai 52 da mai 85 duk a zuba su wuri ɗaya. Haƙori na iya faɗin abin da ya fi haka, in ka san inda za ka duba.

Idonka zai fara sauka a kan cinyewar saman turame. Ka duba, ka rubuta, amma kada ka jingina da ita. Wani masanin haƙori mai suna Miles ya yi amfani da ita a farkon shekarun 1960 a kan tsofaffin ƙasusuwan Ingila, ta kuma yi masa aiki ne saboda mutanen wuri ɗaya ne masu cin abinci iri ɗaya, ga kuma yara a cikinsu da ya auna saurin cinyewar da su. Mai tauna gari mai tsakuwa zai iya cinye turamensa tun yana ɗan 35, mai cin laushi kuwa ya kai 70 da nasa garau.

Ni saiwa nake nufa. Ka zaɓi haƙori mai saiwa ɗaya, na gaba ko fiƙa, wanda bai ruɓe ba kuma likita bai taɓa cike shi ba. Ka ɗauki hoton muƙamuƙin tukuna, sannan ka zare shi a hankali da yatsu. A busasshen ƙashi sau da yawa da kansa yake zamowa. Ka goge shi da ruwa da buroshi mai laushi, ban da kankara. Kayan aikin biyu ne: ma'aunin milimita mai baki irin na hantsaki, da akwatin haske irin wanda ake duba hoton ƙashi a kai.

Awo uku za ka yi, duk a fuskar haƙorin da ke kallon leɓe, kamar yadda Lamendin da abokan aikinsa a Faransa suka tsara a 1992. Na farko tsawon saiwa, daga tsininta zuwa wuyan haƙori inda farin ɓawo ya ƙare. Na biyu janyewar dasashi: daga wuyan nan zuwa layin da nama yake manne lokacin da mutumin ke raye. Wurin yakan yi ɗan rawaya, ya fi ɓawon duhu, ya fi sauran saiwar haske. Wannan ne awon da ya fi jawo saɓani, kuma in ƙashin ya daɗe a ƙasa layin kan ɓace. In ban gan shi sarai ba, ba na ƙirƙiro shi.

Na uku shi ne zuciyar aikin. Ɗora haƙorin a kan hasken, za ka ga tsinin saiwar na barin haske ya ratsa kamar ƙanƙarar da ta fara narkewa. Dalili kuwa, cikin haƙori cike yake da ƙananan bututu, kuma daga wajen shekara 20 ma'adinai kan fara toshe su daga tsini suna hawa sama. Abinci bai cika shafar wannan ba, shi ya sa ya fi cinyewa amana. Ka auna daga tsini zuwa inda hasken ya fi nisa. Iyakar ba ta cika miƙewa ba, don haka ka auna, ka ajiye, ka sake aunawa wata rana ba tare da kallon lambar farko ba.

Sai lissafi, da lambobin ma'aunin Lamendin. A ce saiwar milimita 14 ce, janyewar dasashi 3.5, wurin haske 7. Kowanne ka ninka da 100 ka raba da tsawon saiwa: dasashi ya ba da 25, haske ya ba da 50. Ka ninka 25 da 0.18, ka sami 4.5. Ka ninka 50 da 0.42, ka sami 21. Ka haɗa su da 25.53, ya zama shekara 51. Kuskuren hanyar a aikin Lamendin ya kai kusan shekara 9, saboda haka abin da za ka rubuta shi ne 42 zuwa 60.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Ko da haske ya cinye saiwar gaba ɗaya, dasashi kuma ya janye har rabi, lissafin ba zai wuce 77 ba. Wato tsohuwa mai shekara 90 ba ta da hanyar fitowa da shekarunta a wannan ma'auni. Yana ƙara wa matasa, yana rage wa tsofaffi. Ba haƙori kaɗai ba ne: ƙasusuwan cocin Spitalfields a Landan, waɗanda aka tono a shekarun 1980 da sunaye da shekaru rubuce a jikin akwatunan gawa, sun nuna yadda hanyoyin da aka saba ke rage wa tsofaffi shekaru. In lissafina ya haura 60, nakan bar saman iyakar a buɗe.

Akwai abin ƙarawa in da hali. Hoton cikin haƙori irin na asibiti (X-ray) na nuna yadda ramin jijiya ke ƙanƙancewa da tsufa, hanyar Kvaal ta 1995 ke nan, ba ta kuma buƙatar cire komai. Ana kuma yanka saiwa a ƙirga zobban lulluɓinta, wato layukan da ke ƙaruwa a bayanta da shekaru, a madubin ƙara girma, sai dai a tsofaffi layukan kan cushe, kuma haƙorin ya tafi ke nan. Kafin a yanka, a gama duk wani awo, a kuma tambayi mai binciken ƙwayar halitta (DNA) ko yana buƙatarsa.

A rahoton ka faɗi wane haƙori ka auna, da wace hanya, da lambobin uku yadda suka fito, ka kuma gwada sakamakon da abin da ƙashin ƙugu da bakin haƙarƙari suka nuna. In sun saɓa, ka rubuta duka biyun.