Kafin ka zaɓi furosesa, fara duba soket

Idan aka kawo min jerin kayan kwamfutar tebur da ake son haɗawa, ba sunan furosesa nake fara dubawa ba. Madabod nake kallo, babban faifan da ake jona duk kayan a kansa, musamman soket ɗinta, wato gurbin da furosesa ke zama. Shi zai nuna maka ko nan da shekara huɗu abu ɗaya za ka canja, ko kuwa sai ka haɗa da madabod da RAM duka.

Fara da tarihin kamfanin da ke ƙera furosesan, AMD ko Intel. AMD ta fito da soket AM4 a 2016. Da yawa daga waɗanda suka sayi madabod B350 a 2017 da Ryzen 5 1600, a 2022 sun ɗora Ryzen 7 5800X3D a kan wannan madabod ɗin, BIOS kawai suka sabunta, wato ƙaramar manhajar cikin madabod da ke gane furosesa ta tayar da kwamfuta. Ba wai AMD ta yi hakan ne don kirki kaɗai ba: a 2020 ta fara cewa ko madabod B450 ba za ta ɗauki Ryzen 5000 ba, sai da masu saye suka yi mata ca sannan ta janye. Ita kuwa Intel ta saba sauya soket bayan zubi biyu. LGA1700 ta ɗan daɗe, ta ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14 daga 2021 zuwa 2023, sai LGA1851 ta gaje ta a Oktoban 2024. Ka kuma yi hattara da LGA1151, domin suna ɗaya ne amma iri biyu ne. Furosesan zubi na 8 ba ya tashi a madabod ɗin zubi na 6 da na 7, ko da ya zauna daram a gurbin.

Wanda zai haɗa sabuwa dal, ni AM5 nake nuna masa. Ta fito a Satumban 2022 da Ryzen 7000, ta karɓi Ryzen 9000 a 2024, kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da ita har 2027 ko fiye. RAM nau'in DDR5 kawai take ɗauka, don haka tsohon DDR4 ɗinka ba shi da wuri a nan. Idan aljihu bai kai ba, AM4 ko LGA1700 mai DDR4 ba laifi ba ne, amma ka san iyakar hanyar a bayyane take: babu wani sabon zubi da zai zo musu.

Dabarata a nan ta saɓa wa abin da yawancin mutane ke yi. Ka rage kuɗin furosesa, ka ƙara na madabod. Ryzen 5 7600 a kan madabod B650 mai kyau ya fi babban furosesa a kan madabod A620 mafi arha. Dalili shi ne sashen da ke ba furosesa wuta, wanda ake kira VRM. Idan raunana ne, kuma babu ƙarafan shanye zafi a kansa, ranar da ka ɗora furosesa mai cin wat 170 zai yi zafi ya rage gudu. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, a watan Afrilu, abin ya fi muni. Ka buɗe shafin kamfanin madabod ɗin ka karanta jerin furosesocin da take ɗauka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali.

Sai maɓallin BIOS Flashback. Kada ka sayi madabod da ba ta da shi. Da shi za ka sabunta BIOS daga filashi ko babu furosesa a ciki, in ba haka ba, idan BIOS bai san sabon furosesanka ba, sai ka nemi aron tsohon furosesa kafin kwamfutar ta nuna hoto. Ranar canji, ka sabunta BIOS tun tsohon yana ciki, kuma lallai a kan UPS ko inbata, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin madabod na iya mutuwa. A wasu tsoffin madabod na AM4, sabon BIOS yana cire goyon bayan tsoffin furosesoci don wurin ajiyarsa ya yi kaɗan, sai ka karanta bayanin kafin ka danna.

Wajen cire tsohon furosesa, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta ɗumama, sannan ka kashe, ka murɗa fankar da ke kansa a hankali kafin ka ɗaga. A AM4 alluran suna jikin furosesa, kuma busasshen man da ake shafawa tsakaninsa da fanka yana iya fizgo shi tare da fankar. A AM5 da na Intel alluran suna cikin soket, yatsa ma kada ya taɓa su. Akwatin wutar PSU kuwa ka saya da rara tun farko.

Abin da ke damuna game da gaba shi ne yadda ake ƙara liƙe furosesa a jikin madabod. Apple ta bi wannan hanyar da M1 tun 2020, ƙananan kwamfutocin tebur da yawa ma haka suke, kuma Framework Desktop na 2025 mai Ryzen AI Max har RAM ɗinsa a liƙe yake. Suna da sauri da ƙarancin cin wuta, amma yadda ka saya haka za ka ƙare da su. Kwamfutocin ofis da aka riga aka yi amfani da su irin Dell OptiPlex suna da soket, sai dai yawanci filogin wutarsu da siffar madabod ɗinsu na kamfanin ne kaɗai, BIOS ɗinsu kuma ba ya wuce zubin da aka yi su da shi. In irinsu za ka saya, ka sa mai shago ya buɗe murfin a gabanka, ka rubuta lambar samfurin, ka duba babban furosesan da take iya ɗauka kafin ka biya.