Yadda ake shuka kukamelon a tsakar gida a Kumasi

Yawancin gidajenmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango siminti ne ya rufe tsakar gida, shi ya sa mutane da dama suka cire rai da yin lambu. Amma akwai shukar da ba ta neman fili, bokiti ɗaya da jikin bango sun ishe ta. Sunanta kukamelon, asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. 'Ya'yanta ba su wuce santimita 2 zuwa 3 ba, jikinsu da zanen kankana sak, amma in ka tauna gurji za ka ji, da ɗan tsami-tsami a ƙarshe. Yara na sonta ƙwarai.

Fara da mazubi. Samu bokiti mai cin lita 20, ko galan ɗin nan rawaya da ake kira Kufuor galan, ka yanke samansa, ka wanke shi tas. Sai ka huda gindinsa da ƙusa mai zafi, huji takwas ko goma. Kada ka yi wasa da wannan. Ruwan Kumasi a watan Yuni ba ya tausayi, kuma abin da ya fi kashe wannan shuka shi ne ruwa ya kwanta a saiwarta. Ɗora bokitin a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa fita. Ƙasar da za ka zuba: kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya kashin kaji wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi.

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Maris zuwa Afrilu, ko kuma Satumba in ƙaramar damina ta shigo. Binne iri uku a tsakiyar bokiti, zurfin santimita 1 kawai, ka yayyafa ruwa. Nan ne fa ake buƙatar haƙuri. Irin yana da nawa, yakan kai mako biyu, wani lokacin har huɗu, kafin ya leƙo. Da yawa suna zubar da ƙasar a mako na biyu, su ce an sayar musu da mataccen iri, alhali yana nan yana shirin fitowa. Ka dai bar ƙasar da danshi, ban da caɓali. In sun fito, bar biyu mafi ƙarfi.

Tsiron yakan fito siriri, har ka ce ba zai rayu ba. Tun yana haka za ka kafa masa abin hawa: gora biyu da igiya a tsakani, ko tsohuwar ragar kamun kifi a jikin bango, tsayin kamar mita 2. Da ya kama sai ya zabura, yana iya kaiwa mita 3. In ka bar shi ya yaɗu a ƙasa, 'ya'yan za su ɓuya a ƙarƙashin ganye, dodon koɗi da kaji su riga ka. Wurin ya zama yana samun rana aƙalla awa shida. Akuyar maƙwabta kuwa, kewaye bokitin da waya tun ranar farko.

Furensa ƙanana ne rawaya, da namiji da mace a jikin shuka ɗaya. Macen ita ce mai ɗan kumburi a bayanta. Ƙudan zuma ne ke haɗa su, don haka ni ban yarda da fesa maganin ƙwari a kansa ba, musamman ma da yake ɗanye ake cinsa, yara kuma tsinka suke yi su jefa a baki. In ka ga farar hoda a ganye saboda danshi, cire ganyen da ya kamu, ka daina jiƙa ganyen, a gindi kawai za ka riƙa zuba ruwa. Ruwan ganyen darbejiya da aka jiƙa ya kwana yana rage ƙananan ƙwari, a fesa da yamma.

Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan tsiro za ka fara tsinka. Tsinke su suna da tauri, kafin su yi laushi, kuma kullum ka duba, domin yawan tsinka ne ke sa ta ƙara haihuwa. Wanke su ka zuba a kan wake da shinkafa, gefen shito (soyayyen yajin nan baƙi), ko ka raba su biyu ka haɗa da albasa da tumatir da yajin tsire. Masu son tsami su jiƙa su a ruwan gishiri da biniga da tafarnuwa a kwalba, a sa a firij.

Waɗanda suka nuna suka faɗo da kansu, su ne na iri. Matse cikinsu a kofi da ɗan ruwa, bar shi kwana biyu ko uku yauƙin ya rabu, ka wanke, ka shanya a inuwa. In hunturu ya zo ganye ya bushe, kada ka kifar da bokitin. Tana da saiwa mai kauri a ƙasa, in ruwa ya dawo takan sake tofowa, kuma ta fi ta farko saurin haihuwa. Wani abu kuma: in ka ga mai kama da ita a daji ko bakin kwata, kada ka ci, dangin nan ba dukansu ake ci ba.

Wanda hannunsa ya faɗa, sai ya ƙara da asaa, jan ɗan itacen nan na ƙasarmu da in ka tsotse shi lemun tsami ma sai ya koma zaƙi a bakinka na kusan awa ɗaya. Shi ma yana zama a bokiti, amma a shuka ƙwallon da zarar an ci, don in ya bushe ba ya tsirowa. Ba ya son toka a ƙasarsa, ya fi son ruwan sama, kuma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya.