Takarda biyu a hannu: kurakuran da ake yi wajen zaɓen makarantar likitan dabbobi

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a zaure, a Garwa, da takardu biyu cikin leda. Sunansa ya fito a konkur, wato jarrabawar shiga, na makarantar likitan dabbobi ta Ngaundare, ga kuma gurbi da ya samu a wata jami'a a Najeriya. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, wacce zan ɗauka?" Na ce, "Ɗana, nan da shekara bakwai, shanun wa kake so ka yi wa magani, kuma a wane daji?" Ya yi shiru, don bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Shekaru na yi ina aikin dabbobi tsakanin Garwa da ƙauyukan Binuwai, kuma kusan duk yaron da ya zo mini da irin wannan tambayar, tuntuɓe iri ɗaya yake shirin yi.

Na farko shi ne bin suna. Wanda ya samu Dakar gani yake magana ta ƙare, kuma ba a banza ba: makarantar likitan dabbobi ta can, wato EISMV, tun 1968 take, Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashen da suka mallake ta, manyan likitocinmu da yawa can suka fito. Haka Zariya da Maiduguri da Sakkwato suke da tsofaffin tsangayoyi masu daraja. Ta Ngaundare, wato ESMV da ke Dang, ƙanwa ce a kansu. Amma duba inda take zaune. Tsakiyar Adamawa ce, ƙasar gudali, ga tashar bincike ta Wakwa a gefen gari, ga LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar dabbobi na ƙasa, a Bokle kusa da Garwa inda ake haɗa allurar rigakafi tun shekarun 1980. Wanda zai ƙare yana yaƙi da sammore da kirci da ciwon huhu a rugagen arewa, ya riga ya san ƙasar da cututtukanta tun yana ɗalibi. Wanda burinsa bincike ne ko aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, abokan da zai yi a Dakar daga ƙasashe sama da goma jari ne babba. Gyaran kuskuren nan shi ne ka fara yanke inda za ka tsaya da aiki, sannan ka duba wacce ce ta fi kai ka can.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Yara suna tambayar kyan gini da ɗakin kwana, ba sa tambayar sau nawa za su taɓa dabba. Wani saurayi ya taɓa zuwa mini sitaj, wato koyon aiki a aikace, maki kamar me, sunayen cututtuka a bakinsa kamar karatun allo. Aka kira mu wani ruga, saniya ta kwana tana naƙuda, ƙafa ɗaya kawai ta leƙo. Na miƙa masa sabulu da ruwa na ce ya zura hannu ya gaya mini yadda ɗan ya kwanta. Ya tsaya hannu na rawa, ya ce a hankali, "Dokta, ban taɓa yi ba sai a hoto." Ardo yana tsaye riƙe da wutsiyar saniyar, bai ce uffan ba, amma na ga ya kawar da kai. Ba laifin yaron ba ne, haka aka horar da shi. Mun juya ɗan maraƙin, ya fito da rai, shi kuma saurayin daga baya ya zama gwani, amma sai da ya sake koyon aikin daga tushe.

Don haka kada ka tsaya ga abin da ofis zai gaya maka. Nemi ɗaliban shekarar ƙarshe, biyu ko uku, ka zauna da su. Tambaye su ko makarantar tana da asibitin dabbobi mai aiki, ko kuwa allo ne kawai a bango. Tana da garkenta? Akwai motar da ke kai ɗalibai ruga? Su nawa ne ke kewaye gawa ɗaya a ɗakin fiɗa? Sun je mahauta da asuba sun yanka hanta sun ga tsutsa da idonsu, sun duba huhu sun gane tarin fuka? Sun taɓa bin ayarin rigakafi sun ga yadda ake riƙe magani cikin sanyi a zafin Afrilu? Wanda ya yi, take zai ba ka labari har da sunan ƙauyen. Wanda bai yi ba, za ka ji yana kame-kame.

Sai kuɗi. Iyaye sukan lissafa na rajista kawai, alhali karatun nan ba ya gaza shekara shida idan aka haɗa da kundin ƙarshe. A jami'o'in gwamnatin Kamaru kuɗin da aka saba biya sefa 50,000 ne a shekara, wannan ba shi ke karya mutum ba. Haya ce, da abinci, da littattafai, da kayan aiki, da kuɗin mota zuwa sitaj, da kuɗin gwaje-gwajen kundi. Dakar birni ne mai tsada, kuma dawowa gida sai jirgi. Sefarsu ma ba tamu ba ce: daraja ɗaya, amma takardar daban, aika kuɗi yana da nasa caji. A Najeriya naira tana hawa tana sauka, kuma ɗan ƙasar waje ba kuɗi ɗaya yake biya da ɗan gida ba. Ga yajin aikin malamai: na 2022 ya ɗauki wata takwas. Wata takwas na zama, haya tana tafiya. Idan an ce akwai tallafin gwamnati, a ga takarda mai sa hannu, a san me ya ƙunsa da shekara nawa. Na ga uban da ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Adumri a shekarar farko cikin murna, a ta huɗu babu abin sayarwa, yaron ya dawo gida ba digiri. Ku zauna da Baba da biro da takarda, ku rubuta shekara shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, ku ƙara ta bakwai saboda tsautsayi. Makarantar da za ka iya gamawa ta fi wadda za ka iya shiga.

Akwai kuma rikita takardu. Cibiyar horon kiwo da lafiyar dabbobi ta Marwa, da takwarorinta na Fumban da Jakiri, ma'aikatan fasaha suke yayewa, haka makarantar fasahar kiwo ta Njamena. Aiki ne mai mutunci, su ne ke riƙe da ƙauyuka, amma takardarsu ba ta dokta ba ce. Wanda ke son buɗe asibitinsa da sunan likita ya san wannan tun yanzu. Wanda kuma ya yi karatu a waje, sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta daidaita digirinsa da na gida, sannan ya yi rajista da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa kafin ya yi aiki bisa doka. Kafin ka biya ko dala, nemo wanda ya gama makarantar nan kuma yake aiki a Kamaru ko Chadi yau, ka ji yadda takardunsa suka bi.

Harshe ma ana raina shi. Wanda ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, da Faransanci ya faɗa Zariya, Hausa za ta saya masa abinci a Samaru, amma jarrabawar ilimin gaɓoɓi da Turanci ce. A auna kai da gaskiya. Ko ina ka je kuma, kada ka saki Fillanci, ɗan Chadi kada ya saki Larabcin kasuwa, don makiyayi ba da harshen aji zai gaya maka saniyarsa ta daina tuƙa ba.

Na ƙarshe jan ƙafa ne. Yaro ya riƙe gurbi biyu, yana jiran kowa a dangi ya faɗi ra'ayinsa, har ranar rajista ta wuce, ko ya biya nan ya biya can. Ka rubuta ranakun rufewa, ka ba kanka mako biyu, ka yi istihara, ka yanke. Wadda ka bari ka sanar da su da wuri, akwai wani yaro a jerin jira.

Ɗan yayata kuwa, washegari na ba shi kuɗin mota zuwa Ngaundare da lambar wani tsohon abokin aikina. Na ce ya kwana uku a Dang, ya shiga aji idan an bar shi, ya bi ɗalibai mahauta da asuba, ya tambayi kuɗin ɗaki da bakinsa. Ya dawo da takalmi duk jar laka da shafi huɗu na rubutu, muka baje su a tabarma tare da mahaifinsa.